Makonni uku kafin gudun kilomita 21 na Kaduna: yadda muka yi da bashin atisaye

Ranar Juma'a 30 ga Oktoba 2020, bayan an sauko daga masallaci, ƙanena ya zo gidana riƙe da wata takarda da ya yage daga littafin da yake rubuta awon mutane. Tela ne, shekarunsa 34 a lokacin, a gida kuma Auta muke ce masa. A bayan takardar ya jera kwanaki uku, kowanne da lamba a gabansa: Lahadi 1 ga Nuwamba kilomita 20, Lahadi 8 ga wata kilomita 21, Lahadi 15 ga wata kilomita 21. Gasar da yake wa shiri, rabin gudun fanfalaki na Kaduna, an sa ta ranar Asabar 21 ga Nuwamba.

"Yaya, bashi ne a kaina," in ji shi. "Kafin ranar nan sai na biya shi."

Ni malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, na kuma yi gudun nesa a ƙuruciyata, shi ya sa tun farko ni nake tsara masa atisaye. Wannan takardar ita ce ta jawo gardama mafi tsawo da muka taɓa yi da shi, kuma ita ce dalilin rubutun nan.

Inda yake kafin ciwo

A farkon watan Agusta ya soma. Kwana huɗu a mako yake fita, bayan sallar asuba, yawanci daga unguwarmu ya zaga ta Murtala Square ya dawo. Da kilomita 15 a mako ya fara, muka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai 42 a farkon Oktoba. Gudunsa mafi tsawo shi ne kilomita 17 da ya yi ranar 10 ga Oktoba, ya kuma gama da sauran ƙarfinsa. Burinsa ya kammala kilomita 21.1 ɗin nan cikin ƙasa da awa biyu, wato kowace kilomita a minti 5 da daƙiƙa 41. Yadda yake tafiya a lokacin, burin bai fi ƙarfinsa ba.

Kwana biyu bayan wannan gudun sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Ƙarshen damina ne, lokacin sauro. Aka yi gwaji aka ga zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi maganin nan na kwana uku da ake sha safe da yamma. Kwana tara bai sa takalmin gudu ba. Yana miƙewa kuma sai ga ɗinkin Maulidi, wanda a shekarar hutunsa ya faɗo ranar 29 ga Oktoba. Wanda ya san shagon tela a irin wannan lokaci ya san babu batun barci: mako guda cur yana kan keke har ƙarfe biyu na dare. A tsakanin nan sau uku kacal ya fita, kowanne bai wuce kilomita 5 ba.

Da ya yi lissafi sai ya ga kusan kilomita 100 sun kuɓuce masa. Wannan shi ne bashin.

Dalilin da ya sa na ƙi takardarsa

Abin da na fara faɗa masa shi ne gudu ba azumi ba ne, ba a ramuwarsa. Wanda ya sha azumi goma zai rama goma bayan salla ya fita daga nauyi. Jiki ba ya lissafi irin wannan. Gudu mai wahala ba a ranar da aka yi shi yake ƙara ƙarfi ba, a ranar ma rage shi yake yi: zaren tsoka ya ɗan yayyage, sukarin da jiki ya tara a tsoka da hanta ya ƙare, gaɓoɓi su ƙuntata. Sai a kwanakin hutun da ke biye ne jiki yake gyara ɓarnar, har ya ɗora ƙari a kai. Masu horar da 'yan gudu sukan ƙiyasta kwana 10 zuwa 14 kafin amfanin gudu mai tsawo ya bayyana sosai. Kilomita 21 da ya yi niyyar yi ranar 15 ga wata, saura kwana shida gasa, gajiyarsa kawai zai ɗauka zuwa layin farawa. Amfanin kuwa sai an gama rabon kyaututtuka zai iso.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A shekarar 2007 Laurent Bosquet da abokan aikinsa sun tattara bincike 27 da aka yi kan 'yan gudu da 'yan ninƙaya da 'yan tseren keke, don gano wace irin sassautawa, wato rage atisaye a kwanakin ƙarshe, ta fi amfani kafin gasa. Abin da ya fito shi ne kimanin mako biyu, a rage yawan atisaye da kashi 41 zuwa 60 cikin 100, amma kada a taɓa saurinsa, kada kuma a rage yawan kwanakin fita. Iñigo Mujika, wanda ya daɗe yana nazarin wannan fanni, ya nuna cewa ribar da ake samu takan kai kusan kashi 3 cikin 100. A kunne kamar ba komai ba ne. Ga mai neman awa biyu kuwa, ya haura minti uku da rabi, kuma hutu ne kawai kuɗinsa.

Sai dai lamarin Auta yana da wani ƙulli da littafi bai warware ba. Sassautawa ana yinta ne bayan an tara gajiyar atisaye. Shi kuma ba gajiyar atisaye ce a jikinsa ba, ta ciwo ce da rashin barci. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro jajayen ƙwayoyin jini take shiga ta fasa, su kuwa su ne ke kai iska ga tsoka. Zazzaɓi kan sauka cikin kwana biyu ko uku, amma jinin da aka rasa makonni yake ɗauka kafin ya dawo. Na sa shi ya koma asibiti aka auna, ma'aunin jajayen ƙwayoyin jininsa ya nuna kashi 36 cikin 100, alhali na namiji lafiyayye yakan kama daga 40 zuwa sama. Likita ya ce ba abin tsoro ba ne, ya iya gudu, amma ya bi a hankali ya kuma ci abinci mai gina jini.

Ga kuma shaidar da muke da ita a hannu. Tun watan Agusta na koya masa ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya da zarar ya farka, kafin ya tashi alwala. Da lafiyarsa 58 yake samu. Ranar da ya kawo takardar 69 ya samu. Na ce masa wannan lambar ce za ta yi mana alƙalanci, ba zuciyarsa ba, ba kuma tawa ba.

Bai gamsu ba. Hujjarsa ita ce bai taɓa yin kilomita 21 ba, ta yaya zai tsaya a layi bai san ko ƙafarsa za ta kai ba? Ban raina wannan tsoron ba, don na san shi. Amma mutumin da ya yi 17 ya gama da sauran ƙarfi, in ya huta ya ci ya ƙoshi, sauran huɗun taron jama'a da hutun za su ɗauke masa. Masu gudun kilomita 42 ma yawancinsu a 30 ko 32 suke tsayawa a atisaye. Daga ƙarshe dai ya yarda, ba don na rinjaye shi da hujja ba, sai don ni yayansa ne. Wannan bambancin ya dawo ya same mu daga baya.

Tsarin da muka yi

Makon farko, daga 1 zuwa 7 ga Nuwamba, na mayar da shi makon dawowa hayyaci, ba na sassautawa ba. Lahadi kilomita 6 a hankali, yadda zai iya hira yana gudu. Talata 7, a ciki da kilomita ɗaya-ɗaya sau uku a saurin gasa, yana tafiyar minti biyu tsakaninsu. Alhamis 5. Asabar 7 ga wata, saura kwana 14 daidai, gudu mai tsawo na ƙarshe, kilomita 16. Jimilla 34. Na kuma kafa masa sharaɗin da ya fi dukkan waɗannan muhimmanci a wurina: ƙarfe tara na dare a rufe shago, duk wanda ya kawo ɗinkin gaggawa a ba shi haƙuri.

Mako na biyu kilomita 23 a fita huɗu, mafi tsawo 10 ranar Asabar 14 ga wata. Makon gasa kilomita 13 a fita uku, Juma'a hutu. A kowane mako na bar masa 'yan kilomitoci a saurin gasa, don in aka cire sauri gaba ɗaya ƙafa takan yi nauyi, mutum ya ji kamar ya manta gudu.

Gudun ranar 7 ga wata mun mai da shi gwajin komai da komai. Da takalmin da zai yi gasa ya fita, da safar, da gajeren wandon da rigar. Ya so sayen sabon takalmi a makon ƙarshe, na hana, don ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohon nasa bai cinye ba, ƙafarsa kuma ta san shi. Ya karya da koko da burodi awa biyu kafin fita, ya zuba dabino takwas a leda cikin aljihu. Ƙa'idar da masana abincin 'yan wasa ke bayarwa ita ce giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa in gudu ya wuce awa ɗaya, dabino shida zuwa takwas kuma sun isa su kai mutum bakin wannan. Na bi shi a babur da ruwan leda.

Na auna shi kafin fita da bayan dawowa. Ya tafi yana kilo 66, ya dawo yana 64.6, duk da ya sha leda biyu a hanya, wato lita ɗaya. Ashe ya zubar da gumin da ya haura lita biyu, shi kuwa yana rantsuwa bai yi gumi ba. Haka farkon hunturu yake a Kaduna: iska busasshiya ce, gumi na fita tana shanye shi, riga ba ta jiƙewa, mutum ya ɗauka lafiya lau. Rasa abin da ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki yana rage ƙwazo, shi kuma ya ɗan haura hakan. Muka tsayar cewa ranar gasa zai kurɓi ruwa a duk inda aka ba shi, amma ba zai ɗura ba, don ɗurar ruwa fiye da kima na tsarma gishirin jini, wannan kuma hatsarinsa ya fi na ƙishirwa.

Abu mafi muhimmanci da wannan gudun ya nuna shi ne kilomita huɗun ƙarshe. Na ce ya yi su a minti 5:41, ya kasa riƙewa, yana ta faɗawa 5:55 numfashinsa na fita da ƙarfi. A ranar na ce masa mu mayar da burin awa biyu da minti biyar, wanda ya zo daidai da 5:55 ɗin. Ya ce to. Ban bincika wannan "to" ɗin ba, kuma kuskurena ke nan a duk wannan shiri.

Larabar da ta ɓata lissafi

Zuwa Litinin 9 ga wata bugun zuciyarsa ya sauko 62. Barci ya dawo, fuskarsa ta ciko. A nan ne hatsarin sassautawa yake, kuma ba a cika gaya wa sababbi ba: da zarar gajiya ta fara sauka sai mutum ya ji ƙarfi na yi masa yawa, hankalinsa ya ƙi kwanciya, ya riƙa ganin kamar kowa na aiki shi yana zaune.

Akwai wani saurayi cikin waɗanda suke haɗuwa a Murtala Square, shekarunsa 24, wanda ke yin kusan kilomita 60 a mako, wayarsa cike da bidiyon 'yan Kenya na garin Iten suna atisaye. Ranar Laraba 11 ga wata, maimakon kilomita 6 da aka rubuta, Auta ya bi ayarinsu ya yi 13, yawancinsu a ƙasa da minti 5 da rabi. Da yamma ya zo yana ɗingisawa, sharaɓarsa ta dama ta ɗaure kamar dutse.

"Yaya, wallahi jikina ne ya ce zai iya."

Raina ya ɓaci, amma faɗa ba ya kwance tsoka. Na danna wurin na ga ba ya kumbura, babu shacin jini a ƙarƙashin fata, yana iya ɗagawa a kan yatsun ƙafa ko da yake da zafi, agararsa kuma lafiya. Alamar ɗaurewa ce ba yagewa ba. Da na ga kumburi ko ya kasa taka ƙafar, asibiti za mu nufa, maganar gasa kuma ta ƙare. Muka soke fitar Alhamis. Ta Asabar na rage ta daga 10 zuwa 6, a kan ƙasa mai laushi a filin makaranta, ba sauri ko kaɗan. Wannan ita ce asarar gaske, don gudun Asabar ɗin ne na tanada domin ya ƙara sabawa da sabon saurin 5:55.

A nan wata matsalar ta kunno. Wani maƙwabcin shagonsa ya ba shi shawarar ya sha diclofenac, maganin kashe zafi, safe da yamma har ranar gasa, wani ma ya ambaci tramadol. Wannan na tsaya a kansa da ƙarfi fiye da komai. Diclofenac da ibuprofen da danginsu suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, gudu mai tsawo cikin rashin ruwa shi ma haka yake yi, in suka haɗu ƙoda ce ke ɗaukar dukan, ga kuma abin da suke yi wa ciki. Bayan haka zafin da suke ɓoyewa shi ne kaɗai abin da zai gaya wa mai gudu ya tsaya kafin tsoka ta yage. Tramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarinmu, tun Janairun 2024 ma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Ruwan ɗumi muka yi amfani da shi, da tausa mai sauƙi, da tashi daga kan keke duk bayan rabin awa ya ɗan taka. Zaman tela na awa goma gwiwa a lanƙwashe ba hutu ba ne ga ƙafa.

Makon ƙarshe

Litinin kilomita 5, ƙafa ta saki. Talata 5, da biyu a saurin 5:55, ba zafi. Alhamis 3 da 'yan gajerun tsere huɗu na mita 80. Bugun zuciya ranar Juma'a 60.

Abinci shi ne abin da muka fi tattaunawa. Ga gasar da za ta wuce minti 90, shawarar masana ita ce a yawaita abinci mai sitaci a awa 36 zuwa 48 na ƙarshe, har giram 10 zuwa 12 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ga mai kilo 66 wannan ya haura giram 650 a yini, abin da cikin Auta ba zai ɗauka ba. Ba mu bi lambar ba. Alhamis da Juma'a dai tuwon shinkafa, doya, taliya, dankali, kunun gyaɗa kaɗan, lemo da ayaba tsakanin abinci. Muka ajiye wake, zogale, rama, yaji mai yawa da soye-soye, da fura da nono ta daren Juma'a, ba don suna da aibu ba sai don kada su tayar da ciki a hanya. Abincin rana na Juma'a shi ne babba, na dare ƙarami, tun bayan magariba. Da ya hau sikeli ya ga ya ƙaru da kusan kilo ɗaya sai ya tsorata. Na bayyana masa cewa kowane giram na sukarin da tsoka ke ajiyewa yana riƙe kusan giram uku na ruwa, don haka wannan kilon guzurinsa ne.

Daren Juma'a bai yi barcin kirki ba, kuma na riga na gaya masa hakan zai faru. Shi ya sa muka fi tsare barcin daren Laraba da na Alhamis.

Ranar gasa da abin da na gani a cikinta

Yarjejeniyarmu ita ce kilomita biyar na farko a minti 6, sannan ya sauko 5:55 ya riƙe, in ya kai 16 da sauran ƙarfi ya saki ƙafa. Agogonsa ya nuna abin da ya faru: ukun farko a kusan 5:20 kowacce. Ya kai kilomita 10 a minti 56 da daƙiƙa 40, wanda shi ne saurin mai neman awa biyu daidai. Daga baya ya amsa mini cewa bai taɓa sakin wannan burin ba. Har 14 yana riƙe, daga nan rana ta ɗaga, ƙafa ta fara nauyi. A 18 sharaɓar nan ta motsa, ya yi tafiya ta kusan minti ɗaya, ya ci sauran dabinonsa, ya ci gaba. Ya shiga a awa 2 da minti 6 da daƙiƙa 10.

A ganina zazzaɓin ne ya ci awa biyun tun a watan Oktoba, kuma babu tsarin mako uku da zai dawo da ita. Minti ɗaya da 'yan kai da suka raba shi da 2:05 kuwa, gudun Laraba da saurin farawa ne suka ci su, dukansu biyun kuma daga tushe ɗaya suke: ya karɓi tsarin ne don girmamawa, bai karɓe shi don ya yarda ba. Da na zaunar da shi ranar 7 ga wata na sa shi ya yi lissafin da kansa, ya faɗi lambar da bakinsa, ina jin da ayarin Laraba bai ja shi ba. Na tsara wa ƙafarsa komai, na bar zuciyarsa da tsohon buri.

Saurayin nan na Murtala Square ya yi cikakken kilomita 21 saura kwana takwas gasa, ya kuma gama a awa ɗaya da minti 52. Har yau Auta yakan kawo mini wannan a matsayin hujja. Amsata ba ta canja ba: mai yin kilomita 60 a mako, da jininsa cikakke, da shekara goma ƙasa, kilomita 21 ba nauyi ɗaya take yi masa da wanda bai taɓa wuce 17 ba kuma bai cika wata guda da tashi daga ciwo ba. Ana auna ragin ne da abin da mutum ya saba ɗauka. Ina kuma da yaƙinin cewa shi ma saurayin da ya huta da ya fi haka.

Bayan gasar na hana shi gudu na mako guda, tafiya kawai. Litinin ya koma shago. Makonni biyu bayan nan ya sake auna jini ya samu 41, bugun zuciyarsa kuma ya koma 58 a farkon Disamba.